Jiƙon Haliru

A tsangayar aikin gona ta wata jami'a da ke Gusau, kowa ya san in Farfesa Haliru Abdu Tsafe ya yi gyaran murya, to magana ta ƙare. Kada a ɗora masa abin da bai yi ba, shi ba mafaɗaci ba ne. Mutum ne mai fara'a, mai zuwa suna da jana'iza, kuma bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. Makaminsa barkwanci ne. In ƙaramin malami ya ɗaga hannu a taron ƙara wa juna sani ya kawo abin da bai yi masa ba, sai Farfesa ya yi murmushi ya jefa masa wata 'yar magana, zaure ya kwashe da dariya, mai tambaya ya zauna yana dariyar dole. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake ɗaga hannu.

Sunan da ya yi kuwa a kan ƙuduji ya yi shi, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira wuta-wuta, wadda ke kama saiwar dawa ta tsotse ta har ta ƙare a tsaye. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, yana ƙaramin malami a wata kwaleji, ya yi tunanin cewa in aka jiƙa irin dawa a ruwan toka da ganyen dogon yaro kafin shuka, ƙuduji zai ragu. Ya je Karakkai ta ƙasar Bungudu, wani manomi mai suna Malam Tambaya ya ba shi aron gona. Ya raba ta biyu, gefe ɗaya irin da aka jiƙa, gefe ɗaya wanda ba a jiƙa ba. Damina biyu yana hawa babur yana zuwa ƙirga, kuma kullum sai ya tarar ƙudujin gefen jiƙo bai kai rabin na ɗaya gefen ba. Takardar da ya rubuta a kan haka ita ta kai shi duk inda ya kai. Ana kiran abin Jiƙon Haliru, har a rediyo. Mutum tara ya yaye a digiri na uku, dukkansu a kan jiƙon suka yi aiki, dukkansu kuma suka tabbatar da shi. Huɗu daga ciki suna koyarwa a nan tsangayar, har da shugaban sashe, Dakta Sabiru.

Ta goma ce ta zame masa ciwon kai. Shafa'atu Garba sunanta, 'yar Tsafe ce kamarsa, ƙaramar malama a sashen, marar yawan magana. Damina uku ta yi tana gwada jiƙon a Tsafe da Wonaka, sau uku kuma tana kawo masa sakamako iri ɗaya: babu bambanci. Na farko ya rubuta mata da jan biro, “Sake.” Na biyu ya rubuta, “Ba ki iya jiƙo ba, ki tambayi masu dafa wake.” Na uku ya cika gefen shafi da ja, ya rufe da cewa aikin ganganci ne. Yanzu shekarun da jami'a ke ba ɗalibi sun ƙare mata. Ranar Alhamis za ta kare kundinta gaban kwamiti, in ba ta haye ba a soke sunanta, kuma aikin koyarwar ma da sharaɗin digirin aka ba ta. Da ƙyar Dakta Sabiru ya lallashe shi ya sa hannu a takardar amincewa. Ya sa ɗin, amma ya ce ranar zai faɗi ra'ayinsa gaban baƙuwar da za ta zo jarrabawa daga wata jami'a, kowa ya ji.

Ranar Litinin da safe aka bugo masa waya cewa Malam Tambaya ya rasu, yau ma sadakar uku. Ya ji ba daɗi ƙwarai, don rabonsa da Karakkai an fi shekara shida, kullum yana cewa sai hanya ta yi kyau. Ya ce wa direbansa su tafi da wuri su dawo kafin La'asar.

An yi addu'a a ƙofar gida, an raba gumba, sai Bashar, babban ɗan mamacin, ya zo ya durƙusa ya ce Iya na son ganinsa a ciki. Iya ita ce matar marigayin, ta tsufa sosai, tana zaune kan tabarma a inuwar ɗaki da carbi a hannu.

“Iya, ya haƙuri?”

“Da godiya, Malam Haliru. Mutumin naka ya tahi. Har ranar da ciwo yak kada shi zancenka shikai. In an sa ka a rediyo sai shi ce a yi shiru, ga malaminmu nan.”

“Allah ya gafarta masa. Ai duk abin da na zama, gonarsa ce sila.”

“Shi ma haka shika cewa,” in ji Iya, ta ɗan yi murmushi. “Ka tuna jan babur ɗinka, da littahi da igiyar awo? Duk ranar da anka ce gobe kana tahe, gidan ga ba mai hutawa. Ana sallame Asuba shika kora mu gona, ni da Bashar da ƙannenai, mu bi gehen naka muna tuge ƙudujin nan. Bayana har yau bai manta ba.”

Farfesa na riƙe da kwanon furar da aka kawo masa. Ya ajiye shi a hankali.

“Wane gefe, Iya?”

“Wanda kas sa ma jan ƙyalle mana. Na jiƙon.”

Ya juya ya dubi Bashar, yana fatan ya ce tsufa ne ya rikita tsohuwa. Bashar kuwa fuskarsa ta washe, irin ta mai tuna alherin mahaifinsa.

“Ƙwarai kuwa, Baba Malam. Baba cewa yay yi, malami ya taso tun daga Gusau cikin rana, ya sa rai abinai zai yi, sannan a bar shi shi iske gona ta yi ja wur? Ba a yi ma baƙo haka. Amma ya hana mu tuge duka. Ya ce a bar kaɗan nan da can, don ka samu abin rubutawa cikin littahi.”

“Ai na ce kada a taɓa komai,” in ji Farfesa.

“Ka hwaɗi, mun ji. Baba ya ce kara ce irin ta masu ilimi, ba ka son ɗora muna aiki.”

“Ɗaya gefen fa?”

“Wancan ai ba shi kaka so ba. Mun ga in ka zo, gehen jan ƙyalle kaka hwara dubawa.”

Iya ta ce, “Bai taɓa gaya ma kowa ba. Ya ce alheri in an hwaɗe shi ladar ta ragu. Yanzu da ba shi ne nac ce bari ka sani, ka riƙa sa shi cikin addu'a.”

Farfesa ya ce zai sa shi. Me zai ce? Mutanen nan ba su cuce shi ba, karamci suka yi masa iyakar saninsu, kuma ga gawa ko kwana huɗu ba ta yi a ƙasa ba. Da Bashar ya rako shi bakin mota, ya daure ya tambaye shi ko suna jiƙa iri har yanzu. Bashar ya sosa ƙeya ya ce suna yi wani lokaci, don albarka.

Suka kama hanyar komawa Gusau. Direba ya kunna rediyo, ya dubi madubi, ya kashe. Abin da ke cin Farfesa ba wai an tuge ciyawa ba ne. Damina biyu yana shiga gonar nan, ƙasa a tone ƙarƙashin ƙafarsa, sawun mutane ko'ina, bai taɓa tsayawa ya tambaya ba, saboda abin da ya je nema shi yake gani. Ya yi ta neman mafita a ransa, kamar yadda kowa ke yi. Ya ce ai mutum tara sun sake gwadawa a wurare daban-daban, ba zai yiwu a ce kowace gona da nata Malam Tambaya ba. Wannan tunanin ya riƙe shi har gida, ya ci tuwo da shi, amma bai kai shi safiya ba.

Ranar Talata ya ɗauki mota da kansa ya nufi Tsafe. Ya san Shafa'atu ta sake shuka gwaji na huɗu a gonar mahaifinta da ke bakin gari, don ko za a ce ta sake. Garinsu ne, duk wata yana zuwa gaida 'yan'uwa, gonar kuma ba ta fi tafiyar minti goma daga gidan yayansa ba, amma a shekara huɗu bai taɓa taka ta ba. Ya sami mahaifin nata, Malam Garba, zaune gindin wata ƙirya yana gyara ƙotar fartanya. Da tsohon ya gane ko wane ne, ya miƙe da sauri har fartanyar ta faɗi.

“Farfesa da kanka? Da ka aiko ai da an share hanya.”

“Gara da ban aiko ba, Malam Garba. Gonar nake so in gani.”

Gonar ta yi ja da fure tun daga bakin hanya, dawar duk ta tsumbure. An kafa turaku da lambobi, an ja igiya tsaf, kowane fili da ɗan allonsa. Farfesa ya tuɓe babbar riga ya rataya a reshe, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Rabon da ya durƙusa a gona ya ƙirga wani abu da yatsansa har ya manta. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, tabarau na zamewa saboda gumi. A filin jiƙo na farko ya sami sittin da ɗaya, a na kusa da shi wanda ba a jiƙa ba ya sami hamsin da takwas. Ya matsa gaba ya sake, ya kuma sakewa. Har rana ta take yana abu ɗaya, kuma ko sau ɗaya lissafin bai goyi bayansa ba.

Malam Garba ya kawo masa ruwa a buta, ya tsaya yana kallon gonar tasa.

“Shekara huɗu ke nan gonar ga ba ta ba mu abin kirki ba. Maƙwabta har dariya sukai min, wai na bar ƙuduji na zuba ɗiya kamar na shuka shi. Ran nan na sa hannu zan tuge guda, ɗiyar nan ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Ta ce kai kak koya musu tun aji ɗaya, gonar gwaji ko uban mutum bai sa mata hannu.”

“Ni na koya musu,” in ji Farfesa.

“To Allah shi saka. Jibi ne ko? Uwarta ko barci ba ta yi. Mun dai bar ta hannunka.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ya ja ta ya rufe. Ya karɓi rigarsa, ya yi sallama a gurguje, ko gidan yayansa bai biya ba.

Ranar Laraba ya shiga ofishin Dakta Sabiru ba tare da ya aika a kira shi ba, abin da bai taɓa yi ba. Sabiru ya tashi ya bar masa kujerarsa, shi ya koma ta baƙi. Farfesa ya tura ƙofa ya rufe.

“Sabiru, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma don Allah kada ka yi mini kara. Lokacin da ka yi gwajinka, jiƙon ya yi aiki?”

Sabiru ya dubi tebur, ya gyara wata takarda da ba ta buƙatar gyara.

“Malam, ai yana cikin kundin.”

“Na san abin da ke cikin kundin, ni na sa masa hannu. Gonar nake tambaya.”

Farfesa ya tsare shi da ido. Can Sabiru ya ce, “Fili biyar na yi. Biyu sun ɗan nuna alama, uku ba su nuna komai ba. Na ajiye ukun.”

“Sauran ɗaliban nawa fa?”

“Aminu, wanda ka yaye mu tare, shi ma haka. Sauran ban tambaye su ba, su ma ba su tambaye ni ba, amma mun san juna. Da farko kowa ɗauka yake shi ne bai iya ba. Kafin ya gane, lokaci ya ƙure, ga iyali.”

“Shekara ashirin, ba wanda zai zo ya gaya mini?”

“Malam, wa zai gaya maka?” Sabiru ya ɗago kai a karon farko. “Kai ka ɗauko mu, kai ka nema mana aiki, kai ka karɓa mini auren uwar 'ya'yana. In tashi gaban mutane in ce aikin da aka san ka da shi ba daidai ba ne? Aminu ya taɓa gwadawa a taro, ka tuna? Ka ce masa ƙudujin garinsu ne ya yi karatun boko. Har yau ana tsokanarsa da shi.”

Ya tuna. Ya tuna har yadda ya ji daɗin dariyar da aka yi ranar. Sai ya ba Sabiru labarin Karakkai, a taƙaice, yana kallon bango. Sabiru ya riƙe baki, ya yi salati a hankali.

“Yarinyar nan ita kaɗai ta gaya mini gaskiya,” in ji Farfesa, “sau uku. Gobe zan ce a ba ta digirinta.”

Maimakon ya ga sauƙi a fuskar Sabiru, sai ya ga ta ƙara ɓaci.

“Malam, ka buɗe kwafin da aka kai maka mako biyu da suka wuce?”

Bai buɗe ba. Yana can kan teburinsa cikin ambulan, ya ɗora masa kofin shayi, don a ganinsa ya riga ya san shirmen da ke ciki. Ya koma ofis ya yage ambulan ɗin, ya buɗe babi na huɗu. Jadawalin da ya sha yi wa jan biro yana nan, da sunayen filayen Tsafe da Wonaka, amma lambobin sun canza. Yanzu jiƙo ya rage ƙuduji da kashi arba'in da shida cikin ɗari. A ƙasa an rubuta cewa wannan ya yi daidai da abin da Haliru ya gano a Karakkai.

Sabiru, wanda ya biyo shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ni na ba ta shawara. Ta yi kuka, ta ƙi, har wata guda. Na ce mata ko wannan ko aikinta. Malam, in ka yi shiru gobe, za ta haye lafiya. In ka yi magana, canza sakamako laifin kora ne. Ka bari ta wuce tukuna, daga baya a san yadda za a yi.”

Maganar Sabiru ba ta wofi ba ce, shi ya sa ta yi masa nauyi. Shiru zai fisshe ta, ya fisshe shi, ya fid da mutum tara. Kuma ya san kansa, ya san “daga baya” ɗin nan ba za ta taɓa zuwa ba. Sau uku ya ɗauki waya zai kira Shafa'atu, sau uku yana ajiyewa, don bai san da wane baki zai fara ba. A ƙarshe ya buɗe durowar ƙasa ya fito da tsofaffin kwafinta guda uku, ya sa a jaka.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma ƙaramin zauren tsangaya ya cika. Shugaban tsangaya ne ke jagorantar zama, a damansa baƙuwar mai jarrabawa, Farfesa Nana Khadija, wata dattijuwa mai farin tabarau da aka ce ba ta da wasa. Shafa'atu na tsaye gefen allo cikin shuɗin hijabi, ta rame, idonta a ƙasa. Baƙuwar ta buɗe da cewa ta karanta kundin, aiki ne mai tsabta, kuma abin farin ciki ne a ce an sake tabbatar da binciken babban malami a gabansa. Aka yi ɗan tafi. Aka ce ɗaliba ta fara.

Farfesa Haliru ya miƙe. Ya dafa tebur.

“Shugaba, a yi mini afuwa, ina da magana kafin ta fara.”

Ya faɗe ta duka, ba barkwanci ko ɗaya. Ya faɗi Karakkai da jan ƙyalle, ya faɗi abin da ya ƙirga da hannunsa a Tsafe shekaranjiya. Ya ce jiƙon ba ya aiki, bai taɓa yi ba, kuma takardar da aka san shi da ita kuskure ce tun daga tushe. Bai ambaci sunan kowa cikin ɗalibansa ba, amma mutum huɗu a sahun gaba sun sunkuyar da kai kamar an haɗa baki.

Shugaban tsangaya ya yi 'yar dariya ya ce, “Malam ke nan, tawali'u ya yi yawa. Ai kowane bincike yana da 'yan gyare-gyare. Sakatare, wannan ba sai an rubuta ba.”

“A rubuta,” in ji Farfesa. Ya zaro kwafi ukun nan ya jera su gaban baƙuwar. “Wannan shi ne aikin Shafa'atu. Jan da kike gani hannuna ne. Wanda aka aika miki kuwa, lambobin cikinsa ba na gona ba ne. Shekara uku na yi ina matsa mata har ta rubuta abin da nake so in gani. In akwai wanda za a kora a kan wannan kundi, ni ne.”

Farfesa Nana Khadija ta cire tabarau, ta buɗe kwafin farko, ta karanta abin da ke gefen shafi, ta buɗe na biyu ta karanta zancen masu dafa wake. Ta ɗago ta dube shi, kallon da ya gwammace mari a kansa. Sannan ta juya.

“Shafa'atu, ke kika canza lambobin da hannunki?”

“Ni ce,” in ji Shafa'atu. Ba ta dubi Sabiru ba.

“Kin san hukuncinsa?”

“Na sani.”

Nan Farfesa ya ga ya zo gyara ne zai ƙarasa ta, ya tuna Malam Garba da butar ruwa yana cewa sun bar ta hannunsa. Ya buɗe baki zai sake magana, baƙuwar ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru kamar ɗan aji ɗaya.

“Littattafan da kike rubuta ƙirga a gona, suna ina?”

Suna ofishinta. Aka ce ta ɗauko, aka sallami 'yan kallo, aka ce shi ma Farfesa ya jira a waje. Awa biyu da rabi ya yi kan bencin baranda inda ɗalibai ke zama in suna jiran ganinsa. Malamai na wucewa suna gaishe shi da ladabi fiye da kullum, ba mai haɗa ido da shi. Ya fi son a ce wani ya tsaya ya zage shi.

Bayan Azahar aka kira shi. Baƙuwar ce ta karanta hukunci, don shugaban tsangaya ya ce maƙogwaronsa na ciwo. An bi littattafan gona guda goma sha ɗaya shafi-shafi, sun yi daidai da kwafin da aka yi wa jan biro. An janye kundin da aka canza. Ɗaliba ta kare na asalin, ta amsa tambayoyi yadda ya kamata, an ba ta wata uku ta sake rubutawa a kan sakamakon gaskiya, tare da takardar gargaɗi da za ta zauna a fayil ɗinta. Rahoton zai ɗauki duk abin da Farfesa ya faɗa, kalma da kalma, a aika wa hukumar jami'a, kuma shi zai rubuta wa mujallar da ta buga aikinsa. Aka tambaye shi ko yana da ja. Ya ce babu.

Ya same ta a ƙarshen baranda tana ɗaure littattafan gonar da igiya, duk gefensu ya yi ja da ƙasa. Da ta gan shi ta ɗan rusuna, kamar yadda ta saba.

“Shafa'atu, ki yafe mini. Na ci miki shekara uku, na kuma jawo miki takarda a fayil.”

“Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam. Na gode da ka tashi.”

Ya tsaya yana jiran ko za ta ƙara wani abu, don ya ga bakinta na motsi. Ta ja igiyar ta ƙulle, ta rungumi littattafan a ƙirji.

“Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai,” ta ce, ba tare da ta ɗago ba. “Na ɗauka zai yi wuya. Waɗannan damina uku na yi ina ƙirga su a durƙushe. Wancan da na canza wa lambobi kuwa, Malam, tsakanin Azahar da La'asar na gama shi, kuma kowa ya ce ya fi kyau.”

Farfesa Haliru, wanda bai taɓa rasa amsa a tsangayar nan ba, ya tsaya riƙe da jakarsa. Ta jira kaɗan don ladabi, da ta ga ba abin da zai ce, ta yi masa sai anjima ta sauka matakala.